Tumatirin da Surukina Ya Tsayar a Iska

Allah ya karɓi ran surukina ranar wata Talata da hantsi, bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganganun da kunnena ya ji a kan tabarmar makoki, da abin da idona ya gani a bayan gidan washegarin sadakar uku. Maiɗakina, wadda ita ce babbar 'yarsa, ta ce in bari zuciyata ta huce tukuna. Na bari har aka yi arba'in. Ba ta huce ba.

Jama'a kam sun zo. Daga Kura, daga Bunkure, har daga Madobi an zo, tabarmi suka kai bakin kanal ɗin ban ruwa. Kowa ya iso sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Mu ce amin. Amma ni suruki ne, ba a tsakiyar 'yan uwa nake zaune ba, ina can gefe inda ake raɗa. Wani maƙwabcinsa, wanda katangarsu ɗaya shekara da shekaru, ya karkata ga na kusa da shi ya ce, "Allah dai ya sa ya tuba kafin ya cika."

"Amin. An ce shagon nan har yanzu ba a buɗe ba."

"Wa zai buɗe? Kai za ka iya shiga?"

A cikin gida kuwa, inda Inna, uwar maiɗakina, take zaune cikin takaba, wata mata ta gama gaisuwa ta matso ta tambaye ta, da gaske ba da wasa ba, wai yanzu abubuwan da ya tsayar a sama duk sun faɗo ke nan? Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Masu wannan raɗar, da za a ce kowa ya zazzage aljihunsa, babu wanda ba za a samu aikin hannun mamacin a jikinsa ba. Hoton katin ƙungiyar manoma, hoton takardar gona, na ranar ɗaurin aure da ke rataye a ɗakin matansu. Shi ya gyara musu zaman hula, shi ya ce su ɗaga haɓa su daina ɓata rai. A lokacin ba wanda ya ji tsoron shiga shagon.

Baba, kamar yadda nake kiransa, mai hoto ne. Yana da ɗan shago ciki da falo kusa da kasuwa. A falon yake ɗaukar mutane, ɗakin ciki kuma nan yake wankin hoto tun zamanin fim. Siriri ne, dogo, ba ya son hayaniya, kuma kullum akwai allura soke a bakin aljihun rigarsa kamar tela. Abin da ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa baƙin jini, shi ne waɗansu hotuna da yake yi don kansa, ba wanda ya sa shi. Za ka ga tumatir shida ko bakwai tsaye a iska a saman kwando, babu hannu, babu abin da ya riƙe su. Za ka ga albasa an yanka ta gida biyar, kowane yanki ya rabu da ɗan'uwansa yana rataye a sarari, wuƙar ma tana shawagi a gefe. Attaruhu, tattasai, ƙwaryar nono da ludayi a samanta. Ya liƙa su a bangon shagon, yara da manya su tsaya suna kallo baki buɗe.

Ya taɓa ba ni labarin mafarin abin. Wata shekara tumatir ya yi kyau har ya wuce misali, aka rasa mai saye, kwanduna suka yi layi a bakin titi suna ruɓewa. Yana wucewa da kyamara a wuya sai ya ga wani manomi, da dillali ya yi masa tayin wulaƙanci, ya ɗaga kwandonsa ya watsa tumatirin sama don baƙin ciki. Baba ya ce, "Malam, rana tana bayansu. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau kamar tumatirin nan ba kafin ya faɗo. Na danna, amma na makara. Da na wanke, ja ne kawai ya dame." Ya ce tun daga ranar yake neman yadda zai nuna wa manomi kyan abin da ya noma, kafin ƙasa ko dillali su taɓa shi.

Malam yake kirana, saboda ina koyarwa a firamare, kuma saboda kunyar surukuta ba ta bar shi ya faɗi sunana ba har ya mutu.

Lokacin da na fara neman 'yarsa, kawuna ya kira ni ya ce, "Duk 'yan matan garin nan ka rasa inda za ka sai gidan mai rufa-ido?" Ban fasa ba, amma ba zan yi ƙarya ba, maganar ta zauna mini. Bayan aure da 'yan watanni Baba ya aiko in same shi a shago da safe. Na je. Ya ce, "Shigo, Malam. Rufe ƙofar, iska ce babbar abokiyar gabata."

Abin da na tarar a ɗakin cikin nan ya ba ni kunya. Firam ne na gora, kamar na shanyar kaya, da baƙin yadi a bayansa. Daga goran akwai zaren lailon irin na masunta, sirara, suna saukowa. Ya zare allurar aljihunsa, ya zura zare, ya soke tumatir ta wajen hancinsa, ya ɗaure. Ya shafa wa zaren baƙin tukunya da yatsa don kada ya yi ƙyalli. Wani tumatirin kuma ya soke shi ta baya da wayar tayar keke, ya kafa wayar a jikin katako, ya daidaita ta yadda tumatirin da kansa ya ɓoye ta daga idon kyamara. Yankakkiyar albasa da tsinken sakace yake raba ta. Haske kuwa taga ce guda ɗaya, da murfin langa da yake karkatawa ya mayar da hasken ɗaya gefen.

Sai jira. Tumatirin da aka rataye ba ya tsayawa, juyawa yake a hankali, ya je ya dawo. Ga zafin bazara, ga ƙofa a rufe, ba fanka, gumi yana zuba daga gemunsa. Ya ɗaga mini hannu alamar kada in motsa. Muka tsaya kamar masu sallah. Da na ƙarshen ya tsaya cak, ya riƙe numfashi ya danna. Ya yi haka sau goma sha wani abu a safiyar nan. Bayan ya wanke, duk inda ɗan zare ya fito, ya bi shi da siririn buroshi da baƙar tawada har ya ɓace. Ya nuna mini ƙasan hoton ya ce, "Ka ga inuwar nan? Ita ce aikin. Idan babu inuwa a ƙasa ido ba ya yarda abu yana sama."

Na ce, "Baba, ashe wannan ne duka?"

Ya ce, "Wannan ne duka. Zare ne da haƙuri. Amma in ka fita ka faɗa ba za su yarda ba."

Gaskiyarsa. Na faɗa a majalisa, aka yi mini dariya, aka ce ai dole in kare surukina. Shi ma da abin ya ishe shi, wata Juma'a bayan la'asar ya ɗauko firam ɗin nan a ka, da tsufansa, ya kafa a ƙofar masallaci. Ya rataye tumatir a gaban kowa. Ya ce, "Jama'a, ga zare. Wanda yake so ya zo ya taɓa." Liman ya zo ya taɓa, ya yi murmushi, ya ce shi bai ga abin zargi ba, kuma ya ja kunnen mutane a kan zato. Kowa ya gyaɗa kai. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa wannan zaren na nuna wa mutane ne, na ainihin aikin yana can ɗakin duhu. Mutum ya kawo hujja har ƙofar masallaci, ku taɓa da hannunku, ku koma gida ku ce ƙarya ce. Don Allah me ya rage ya yi?

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na zo wanke kaina.

Shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta faɗa wa tumatir, gonaki suka ƙone kamar an zuba musu wuta. Ni ma ina da eka ɗaya a layin ƙaramin kanal, ita ke taimaka wa albashi. Mutane suka ruɗe, ana feshi ba ya ci. A nan ne wani ya tuna cewa Baba yakan zaga gonaki da sassafe yana zaɓen tumatir masu kyau na hotonsa. Shi ke nan, aka ce shi ne yake zuƙe albarkar gona ya kulle a takarda. Tsutsar da ta ci gonakin jihohi da dama, har inda ba a taɓa jin sunansa ba, wai tsoho ɗaya da kyamara ne ya kawo ta. Aka fara korarsa daga gonaki. Masu gonakin da ke kewaye da tawa suka same ni suka ce in dai ya ƙara taka layinmu, ranar rabon ruwa ba za su buɗe mini ba.

Da safe na hango shi yana tahowa a kan kunyar kanal da 'yar jakarsa. Na tare shi tun kafin ya ƙaraso. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga kai.

Na ce, "Baba, da dai ka ɗan dakata da zuwa nan, har abin nan ya lafa."

Ya ce, "Malam, kai ma?"

"Ba haka ba ne, Baba. Mutane ne."

"Kai ka riƙe mini murfin langa da hannunka."

Ya dubi gonar, ya dube ni, ya ce, "Allah ya kawo sauƙi." Ya juya ya bi kunyar nan ya koma, dogo, shi kaɗai, mutanen layin suna kallo daga gonakinsu. Tumatirina duk da haka bai tsira ba, ko kwando biyar ban cire ba. Wata biyu ban iya taka gidansa ba. Ranar da na je, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya, ina zama ya ce, "Ya ruwa, yana isa wajenku kuwa?" Ya kawo hira ta daban. Na ji daɗi ya rufe maganar. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Shekaru na samu, ban yi ba.

Bai daina aikinsa ba, sai dai ya koma sayen tumatir a kasuwa kamar baƙo. Da wayoyi suka yi yawa, kowa ya zama mai hoto, falon shagon ya yi shiru, fim ma ya gagara samu. Wani zai ce tsoho ya haƙura. Shi kuwa ya sayi kyamarar zamani ta hannu, ya riƙa hawa mota zuwa Kura wajen masu kwamfuta, ya zauna a benci cikin samari yana koyon yadda ake goge zare a allo maimakon buroshi. Suna yi masa dariya yadda yake riƙe abin nan da ake ja a tebur kamar zai gudu. Ya koya. Ya gano ma wata dabara: ya ɗauki wurin babu komai, ya sake ɗauka da kayan a rataye ba tare da ya motsa kyamara ba, ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya share abin da ya riƙe su. Amma rataye tumatirin da jiran ya tsaya, wannan bai taɓa bari na'ura ta yi masa ba.

Akwai mutum ɗaya a garin nan da ba ta taɓa tsoronsa ba, ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, shugabar matan da ke turara shinkafa a unguwarmu. Shinkafarsu ta fi ta kowa tsabta, amma a buhun taki suke zubawa, 'yan birni su saya a wulaƙance su sake mata buhu. Gwaggo ta yi sallama shagon Baba ta ce, "Mai hoto, an ce kana da aljanu. To ka ce su yi mana aiki." Ya yi dariya har da tari. Kwana uku yana fama. Shinkafa ba ta ratayuwa, don haka faifan kawai ya kafe da waya, ya sa Gwaggo tana watso shinkafa daga gefe yana dannawa, a share, a sake. Ta ce hannunta har ya sage. Abin da ya fito, faifai ne a karkace a sarari, farar shinkafa tana zubowa daga cikinsa, kowace ƙwaya ka ga tsawonta. Suka buga a buhunansu. Yau har Kumbotso ana tambayar shinkafa mai faifai. Da suka kawo masa goro ya ƙi karɓa, ya ce a dafa a aiko masa da kwano ɗaya ya ji ko ta kai yadda ya nuna ta.

Ranar makoki, da matar nan ta yi wa Inna waccan tambayar, Gwaggo ce ta miƙe ta ce, "Ke, shinkafar da kike ci a gidan nan yanzu, daga buhun da hotonsa yake ta fito. In tsoro kike ji, ajiye cokalin." Ita kaɗai ta yi magana. Mu maza muna waje muna amsa amin.

Ba ƙauye kaɗai ya zalunce shi ba. Shekara biyu kafin rasuwarsa wani saurayi ya zo daga birni da babbar kyamara, ya ga buhun shinkafar ya biyo sawu. Ya yi ladabi, ya ɗauki hotunan bangon shagon da wayarsa, ya sa a intanet, ya rubuta cewa aikin wani dattijo ne a ƙauyen Kura. Baba ya yi murna irin wadda ban taɓa gani ba. Ya zo gidana da kansa ya ce in buɗe in karanta masa abin da mutane suke cewa. Na fara karantawa da ƙarfi, sai muryata ta riƙa raguwa. Wannan ya ce ƙarya ce, kwamfuta ce ta ƙirƙira. Wancan ya ce wane ɗan ƙauye ne zai iya wannan, an dai sato daga Turawa. Wani ya sa alamar dariya ya ce a bar tsoho ya je ya yi noma. Na riƙa tsallakewa ina neman mai daɗi.

Ya ce, "Karanta duka, Malam. Ina ganin yatsanka yana gudu."

Na karanta. Ya jinjina kai ya ce, "Nan sun ce aljani, can sun ce inji. Ba dai wanda ya ce ni."

Wannan maganar ita ce take hana ni sukuni. Shekara kusan arba'in mutum yana tsaye cikin zafi yana riƙe numfashi, jahili da mai ilimi suka haɗu a kan abu ɗaya: ba zai yiwu hannun mutumin garinmu ya yi abu mai kyau haka ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ƙirji ne, mako uku. Ranar Lahadi na je duba shi, ya ce in ya tashi akwai kankana da yake so ya gwada, ya rasa zaren da zai ɗauki nauyinta. Talata ya cika.

Washegarin sadakar uku ina aji ina koyarwa, maiɗakina ta kira ni a waya tana kuka. Ta ce, "Ka zo, Baffa ya sa an fasa shagon." Baffa shi ne yayan Baba, uba ɗaya uwa ɗaya, ya haura tamanin, manomin albasa, shi ne babban gidan. Ba mugu ba ne, mutum ne mai ibada, amma tun farko bai taɓa son sana'ar ƙanensa ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa shiga shagon ba. Na bar yara na hau babur.

Tun daga nesa na ga hayaƙi a bayan gida. An tara ƙaiƙayin shinkafa an kunna. Firam ɗin goran nan an karya shi yana ci. Akwatunan ƙarfe uku da Baba yake ajiye hotunansa a buɗe, biyu sun riga sun zama wayam. 'Yan uwa maza suna tsaye, wasu suna ɗiba suna zubawa, suna kawar da kai kada su kalla. Baffa yana zaune a kujera da sandarsa.

Na durƙusa na ce, "Baffa, me ake yi haka?"

Ya ce, "Sauƙaƙa masa muke yi. Yaron nan yana kabari, ba za mu bar masa kayan da za a tambaye shi a kansu ba."

"Baffa, tumatir ne da albasa. Babu mai rai a ciki. Liman da kansa ya ce babu laifi."

"Malam, wannan maganar gida ce."

Ma'ana ni bare ne. Kuma haka ne, suruki ba ya ɗaga murya a gidan surukansa, haka aka rene mu. Na taɓa yin shiru a kan kunyar kanal, na san ɗanɗanonsa. Na miƙe na je na rufe akwati na uku na zauna a kansa. Na ce, "Wanda zai ƙona wannan sai ya haɗa da ni." Wani ƙanen maiɗakina ya ce in tashi kada in jawo abin kunya. Ana cikin haka sai muka ji muryar Inna daga bayan katanga. Mai takaba ce, ba ta fito ba, amma kowa ya ji ta. Ta ce, "Yaya, shekara arba'in da biyar ina share ɗakin shagon nan. Ban taɓa ganin komai a ciki ba sai zare da ruɓaɓɓen tumatir. Ku bar masa abin da ya rage." Ba wanda ya ƙara motsi. Na ɗora akwatin a babur na tafi da shi.

A gida muka buɗe ni da maiɗakina. Muna juya hotunan sai ta ce, "Duba bayan." Kowane hoto akwai rubutu a bayansa, da ajami, ƙanana, da fensir. Ni da na yi shekaru ina shiga shagon ban taɓa juya ko ɗaya ba. Sunan mai gonar ne, da inda gonar take, da abin da ya faru a shekarar. Tumatirin wane, gonar bakin gada, shekarar da aka haifa masa tagwaye. Attaruhun wane, shekarar da ruwa ya makara. Rabin mutanen da suka zauna a tabarmar makokin nan suna cikin akwatin. Waɗansu masu gonakin kuma sun mutu tuni, 'ya'yansu ba su da wani abu da ya nuna abin da ubansu ya taɓa nomawa. Akwati biyu na irin wannan suka tafi a wuta.

Bayan arba'in na ɗauki guda ɗaya na tafi wajen Baffa. Na same shi a zaure bayan la'asar. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na ajiye hoton a gabansa. Albasa ce manya guda uku, jajaye, tsaye a iska da ganyensu, inuwarsu a ƙasa. Ya kawar da kai.

Na ce, "Ba gaban nake so ka duba ba, Baffa. Bayan."

Ya daɗe kafin ya ɗauka. Ya laluba tabarau, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya bi rubutun da yatsa yana motsa leɓe. An rubuta: Albasar Yaya, gonar gabas, shekarar da ya yi ciwon ƙafa ya noma ta da sanda. Ban ga wanda ya yi irinta ba.

Ya juya hoton ya kalli albasar. Ya sake juyawa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ai kuwa. Ita ce. Har da wadda ta tsage." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Duk haka ya rubuta a bayansu?"

"Duka, Baffa."

"Har waɗanda muka..."

"Har su."

Aka kira magariba, bai tashi ba, har na fita yana riƙe da hoton da hannu biyu.

Sauran ina nan ina bi gida gida ina mayar wa masu su. Wasu sukan karɓa su yi shiru, wasu su yi hawaye, akwai wanda ya ce in ajiye a ƙasa ba zai karɓa da hannu ba. Na ajiye masa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai haƙuri ne, bai cuci kowa ba, ya ga kyan abin da ka fitar daga ƙasa ya so mutane su gani. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da mutanen kirki. Mu kuma da muka rage, ni ne na farko, ka yafe mana abin da muka yi masa, don shi ba mu tambaye shi ba har ya tafi.